Yadda Ake Bin Asalin Sunan Henri da Gane Danginsa a Harsunan Turai

Shekarun baya, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Tawa, wani ɗalibina mai ƙwazo ya kawo mini aikin da na ba su a kan Turawan da suka ratsa ƙasar nan kafin mulkin mallaka. A cikin waɗanda ya ce sun shiga Agadas ya lissafa mutum uku, wato Henri Barth da Henry Barth da Heinrich Barth, har ya ƙara da cewa da alama ƴan gida ɗaya ne. Yaron bai yi kasala ba, yawan karatu ne ma ya kai shi ga kuskuren, domin bayan littafin Faransanci ya leƙa rubuce-rubucen Ingilishi da na Jamusanci a intanet. Alhali kuwa mutum ɗaya ne, Bajamushen nan da aka haifa a Hamburg a 1821, wanda ya isa Agadas a watan Oktoba na 1850, ya bi ta Tasawa da Damagaram, ya ƙetare kogin Isa a Say a 1853, ya rasu a Balin a 1865.

Abin da na lura da shi tun daga ranar shi ne, Bahaushe ya riga ya iya wannan aiki a cikin sunayen gida. Babu wanda zai ruɗe idan ya ji Mahamadu da Mamman da Mamadu da Mahaman, domin kowa ya san Muhammad ne bakunan mutane suka lanƙwasa, kuma wanda takardarsa ta Nijar ta ce Ousmane ya san shi ne Usman idan ya shiga Sakkwato. Wannan kunnen da muke da shi ne nake son mai karatu ya ɗora a kan sunan Turai, sai dai a bi shi da tsari, domin a sunayen gida sabo yana taimakonmu, a na waje kuwa sai da hujja.

Ka fara da tattarawa kafin ka yi hukunci. Ka ware shafi a littafin rubutunka, duk siffar sunan da ka gani ka rubuta ta yadda take, harafi da harafi, tare da harshen da aka yi rubutun da shekarar da aka buga shi. Idan sunan wani mutum na tarihi ne, ka ƙara da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, domin shekaru ne ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ake nufi. Da ɗalibina ya yi haka, da ya ga cewa littafin tafiyar Barth mai juzu'i 5 ya fito da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858, an sa Heinrich a wannan an sa Henry a wancan, sannan masu fassara zuwa Faransanci suka sa Henri. Akwai suna na huɗu, wato Abdulkarim, wanda Barth ya yi tafiyarsa da shi a cikin Musulmi. Wannan ka ajiye shi gefe, domin zaɓarsa ya yi, ba daga Heinrich ya fito ba, kamar yadda Maitama bai fito daga haruffan Yusufu ba, Sanda ma bai fito daga haruffan Umaru ba.

Bayan tattarawa sai ka nemi siffa mafi tsufa. A Turai ta tsakiyar zamani malaman coci ne ke riƙe da alƙalami, da Latin kuma suke rubutu, saboda haka a tsoffin takardu za ka riƙa cin karo da Henricus ko Heinricus. Kada wannan ya sa ka ɗauka sunan na Latin ne, domin wutsiyar us ɗin malamai ne suka liƙa don sunan ya shiga nahawunsu. Idan ka cire ta ka ƙara yin baya, za ka isa ga Heimirich ko Haimirich, siffar tsohon Jamusanci. Littattafai biyu suna taimakawa ƙwarai a nan. Akwai ƙamus ɗin tsoffin sunayen Jamusawa na Ernst Förstemann, wanda juzu'insa na sunayen mutane ya fito a 1856, ana kuma samun hotunan shafukansa a intanet, akwai kuma ƙamus ɗin Albert Dauzat na 1951 a kan asalin sunayen Faransa, wanda ya fi sauƙi ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci. Ina shawartar mai bincike ya yi hattara da shafukan da ke ba iyaye ma'anar suna a layi ɗaya ba tare da nuna tsohuwar siffa ba, domin suna yawan kwafar juna har da kuskuren.

A nan ya kamata a fayyace kalmar Jamusawa, domin idan ana maganar asalin wannan suna ba mutanen ƙasar Jamus ta yau kaɗai ake nufi ba. Ana nufin tsoffin ƙabilun arewacin Turai irin su Farankawa da Saksawa da Gotawa, waɗanda Jamusanci da Ingilishi da harshen Holan da na Suwidin da Danmak da Norwe suka fito daga harsunansu. Farankawan nan su ne suka mallaki ƙasar da ake kira Faransa a yau har ta ɗauki sunansu, shi ya sa sunaye da yawa da muke ɗauka na Faransanci ne tsantsa, irin su Louis da Charles da Robert da Guillaume, asalinsu na waɗannan ƙabilu ne.

Da ka sami tsohuwar siffa, sai ka raba ta. Al'adar waɗannan ƙabilu ita ce su haɗa kalmomi biyu su yi suna, kamar yadda muke da harɗaɗɗun sunaye. Kashi na farko, heim, yana nufin gida ko mazauni. Yana nan da ransa a kalmar Heim ta Jamusanci da home ta Ingilishi, shi ne a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Mannheim da Birmingham, kuma daga gare shi Faransanci ya sami hameau, wato ɗan ƙaramin ƙauye. Kashi na biyu, rich ko rik, yana nufin mai iko ko mai mulki, daga tushensa Jamusanci ya sami Reich, wato daula, Faransanci ya sami riche, mai arziki, domin a wancan zamani mulki da dukiya a hannu ɗaya suke. Idan aka haɗa su biyun, babu kalmar da ta fi kusa da ma'anar irin tamu ta maigida. Na sha ganin fuskar ɗalibai ta washe idan na faɗi haka, domin sunan da suke ji kamar daga wata duniya sai ga shi a bakin zaurensu. Amma ina ƙara musu da cewa kusanci ne kawai, saboda mutanen wancan zamani sukan ɗauki kashi ɗaya daga sunan uba ko na wani dangi su haɗa da wani, ba lallai suna nufin jimla mai ma'ana ba. Akwai kuma masana da ke ganin wani tsohon suna, Haganrich, wanda kashinsa na farko ke nufin shingaggen wuri, ya narke a cikin wannan, har ya taimaka wajen mayar da m ta zama n.

Domin ka tabbatar ka raba daidai, ka nemi kashin a wasu sunaye. Rik ɗin nan shi ne a ƙarshen Friedrich, wanda Faransawa ke cewa Frédéric, inda kashi na farko ke nufin zaman lafiya. Shi ne a farkon Richard, shi ne kuma a ƙarshen Theodoric, mai mulkin jama'a, wanda ya zama Dietrich a Jamus ya zama Thierry a Faransa. Ke nan tsohon ɗan wasan ƙwallon nan Thierry Henry yana ɗauke da kalmar sau biyu, a sunansa da sunan zuri'arsu.

Aikin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne bin sauti, kuma wurare uku ne sunan ke sauyawa, wato kai da tsakiya da wutsiya.

A kai akwai h. Jamusawa da Ingilishi da mutanen Holan suna furta ta sosai. Faransawa suna rubuta ta amma ba sa furtawa, shi ya sa muke jin Anri a bakin malamanmu, har ma za ka ga ana rubuta d'Henri da de Henri duka biyun, alamar cewa h ɗin ta taɓa yin nauyi sannan ta saki. Mutanen Fotugal ma suna rubuta Henrique ba tare da furta ta ba, Sifaniyawa da Italiyawa kuwa sun jefar da harafin gaba ɗaya, suka sami Enrique da Enrico. Rashawa sun bi wata hanya, domin sun saba mayar da h ta baƙin sunaye g, sai ya zama Genrikh. Ba mutumin Adar za a koya wa irin wannan musaya ba, shi da ke cewa Isuhu inda na Kano ke cewa Yusufu, yana cewa hwara inda wancan ke cewa fara.

A tsakiya akwai n da r suna gogayya, kuma baki yakan so ya sa wani abu tsakaninsu. Mutanen Holan sun saƙa d, suka ce Hendrik, harshen Cek ma yana da d a Jindřich. Wanda ya yi Faransanci ya riga ya san wannan d ɗin ko da bai lura ba, domin ita ce a vendredi da cendre da tendre, kalmomin da asalinsu na Latin ba shi da ita. Ingilishin tsakiyar zamani ya warware matsalar ta wata fuska, ya bar r ta haɗiye n, mutane suka riƙa cewa Herry sannan Harry, Italiyawan da ma suna da Arrigo ta irin wannan hanya. Saboda haka Harry furucin talakawa ne na Henry tun asali, kuma har yau Yarima Harry na Ingila sunansa na yanka Henry ne. Mu a Hausa wasali muke sakawa idan baƙaƙe suka cunkushe mana, kamar yadda muka yi a burodi da fursuna.

A wutsiya kuwa akwai k. Harsunan arewa sun riƙe ta, shi ya sa ake da Henrik a Suwidin da Danmak, da Henryk a Polan da ta ara. A kudancin ƙasar Jamusawa an yi wani babban sauyin sauti fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wanda ya mayar da k a irin wannan wuri ta zama sautin da ake rubutawa ch, shi ne dalilin da Bajamushe ke cewa ich da machen inda ɗan Holan ke cewa ik da maken, ya kuma ce Heinrich inda wancan ke cewa Hendrik. Faransanci ya saba cinye baƙin ƙarshe, sai aka bar ri kawai, kamar a Henri da Thierry da Amaury. Harsunan kudu kuwa sun fi son rufe kalma da wasali, kamar yadda muke mayar da Umar Umaru, Muhammad Muhammadu, kuma qu ɗin Enrique hanyar rubuta k ce kawai a gaban e. Wanda ya riƙe waɗannan wurare uku zai iya gane siffar da bai taɓa gani ba.

Sauti yana nuna yadda suna ya lanƙwasa, amma tarihin mutane ne ke nuna dalilin yaɗuwarsa, don haka sai ka bi sawun waɗanda suka ɗauke shi. Heinrich na ɗaya, basaraken Saksawa, ya zama sarkin Farankawan gabas a 919. Ɗiyarsa Hedwige ita ce mahaifiyar Hugues Capet, sarkin Faransa, jikan Capet kuma shi ne Henri na ɗaya na Faransa wanda ya hau gadon sarauta a 1031, wato aure da al'adar yi wa kakanni takwara sun ƙetarar da sunan daga wannan gidan sarauta zuwa wancan. Heinrich na biyu, sarkin Jamusawa wanda ya rasu a 1024, cocin Katolika ta sanya shi cikin waliyyanta a 1146, shi ne Henri ɗin da ake gani a ranar 13 ga Yuli a kalandun Faransanci, kuma wannan ya buɗe wa sunan ƙofar gidajen talakawa. Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, su suka kai shi can, inda sarakuna 8 suka ɗauke shi, na ƙarshensu ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, Faransa kuma ta yi sarakuna 4 masu wannan suna. Yarima Henrique na Fotugal, wanda ya rayu daga 1394 zuwa 1460, shi ya ɗauki nauyin jiragen ruwan da suka fara bin gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya mishan da makarantun mulkin mallaka suka shigo da sunan cikin nahiyar, har aka sami Henri Konan Bédié, shugaban Kodebuwa daga 1993 zuwa 1999. Dorugu ma, yaron nan Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da ya raka Barth har Ingila a 1855, wanda labarin rayuwarsa ke cikin rubutun Hausar boko na farko-farko, littattafai suna kiransa James Henry Dorugu.

Ga wani gwaji da nakan ba ɗalibai, domin ya shafi arzikin ƙasarmu. Wanda ya gano ma'adinin yuraniyom a 1789 Bajamushe ne, Martin Heinrich Klaproth. Wanda ya gano a 1896 cewa ma'adinin yana fitar da wani irin turiri da ido ba ya gani Bafaranshe ne, Henri Becquerel. Wanda ya jagoranci kunna tukunyar nukiliya ta farko a Chicago a 1942 ɗan Italiya ne, Enrico Fermi. Ɗalibin da ya gane cewa su ukun takwarori ne, ya kuma iya bayyana inda h da k suka tafi, ya kama darasin.

Daga nan sai ka duba rassan da suka tsiro daga jikin sunan. Akwai gajerun siffofi na cikin gida, kamar yadda muke mayar da Ibrahim Iro, Abubakar Habu, wato Heinz da Heiner a Jamus, Henk a Holan, Hal a Ingila, Quique a Sifen. Akwai na mata, domin Faransawa sun ƙera Henriette, wanda ya zama Henrietta da Harriet a Ingila, tamkar Jamilu da Jamila. Akwai kuma sunayen zuri'a, waɗanda yawancinsu ɗan wane suke nufi, kamar yadda muke cewa ɗan, Larabawa su ce bin, Abzinawa su ce ag. Harrison da Harris da Henderson da Hendriks da Henriksen da Enríquez da Henriques duk ɗan Henri suke faɗa, kowa da ɗafin harshensa, Parry na ƙasar Wales ma daga ap Harry ya dunƙule. Mutumin da ya kafa kamfanin abincin gwangwani na Heinz a Amurka, Henry John Heinz, sunansa na farko da na ƙarshe tushensu ɗaya. Gidan sarautar Reuss na Jamus ya kai abin ƙarshe, domin ɗaruruwan shekaru duk ɗa namiji da aka haifa a gidan Heinrich ake raɗa masa, sai a bambanta su da lamba, abin da ba zai ba mu mamaki ba mu da ke da Muhammadu Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu a ɗaki ɗaya.

Inda aka fi zamewa shi ne kamannin sauti, don haka duk sunan da ya yi kama ka tambaye shi tsohuwar siffarsa kafin ka shigar da shi cikin dangi. Éric ya yi kama da Enrico, kuma lallai kashinsa na biyu rik ne, amma ya fito daga Eiríkr na tsoffin mutanen arewa, kashinsa na farko daban ne, saboda haka ƴan uba ne, ba su haɗa ɗaki ba. André yana kusa da Anri a kunne, amma daga kalmar Girkanci mai nufin namiji ya fito. Harold wani suna ne mai zaman kansa wanda kashinsa na farko ke nufin rundunar yaƙi, sai dai shi ma akan gajarta shi a ce Harry, don haka idan ka ga Harry sai ka nemi cikakken sunan mai shi. Haruna namu kuwa daga sunan Annabi Haruna, alaihissalam, yake, babu abin da ya haɗa shi da wannan gida illa harafin farko, kuma na ji masu cewa Henri shi ne Haruna da Faransanci, wannan kuskure ne da ya kamata a daina yaɗawa.

Saura yadda za ka rubuta sunan a cikin aikinka na Hausa. Ra'ayina shi ne a bi siffar da mai sunan ya san kansa da ita. Wanda ya assasa ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge a 1863 an raɗa masa Jean-Henri Dunant a Janeba, amma da kansa ya koma rubuta Henry, saboda haka Henry za a rubuta ko da yake Faransanci ne harshensa. Sarakunan da kuwa kowane harshe ya saba fassara sunansu, shi ya sa littattafanmu na makaranta ke cewa Henri VIII ga sarkin Ingila, a irin wannan sai ka zaɓi siffa ɗaya ka tsaya a kanta, ka ambaci ɗayar sau guda a farko. A takardun hukuma, irin su fasfo da takardar haihuwa da takardar shaidar karatu, kada mai fassara ya taɓa ko da harafi ɗaya, domin Henri da Henry mutum biyu ne a idon ma'aikacin da ke duba takarda, kamar yadda Issoufou da Youssouf suke hana mutane karɓar kuɗinsu a banki. Idan don karantawa a rediyo ne, ka rubuta wa kanka furucin a gefen takarda, Anri ga Bafaranshe, Hainrih ga Bajamushe, Enrike ga ɗan Sifen, amma abin da za a buga ya zauna da rubutunsa na asali.

Wajen neman bayani kuwa akasin haka za ka yi, wato ka gwada duk siffofin ɗaya bayan ɗaya, domin kundin ɗakin karatu da injin bincike na intanet ba koyaushe suke haɗa su ba. Wanda ke neman abin da Barth ya rubuta a kan Agadas da Tasawa da Say, ya nema da Heinrich ya sami asalin Jamusancin, ya nema da Henry ya sami bugun Landan, ya nema da Henri ya sami fassarar Faransanci, sannan ya gwada Abd el Kerim, domin haka Turawa suka rubuta sunan da mutanen ƙasar nan suka san shi da shi.